Wane Bayahuden? Tsokaci a Kan Hoton Bayahude a Adabin Hausa

Gabatarwa

Masu hikimar magana sun ce gani ya kori ji. To, amma akwai mutanen da Bahaushe ya sani ta hanyar ji kawai, ya kuwa riƙe sunansu a baka kamar wanda ya shekara ɗari yana maƙwabtaka da su. Babu wanda ya kai Bayahude a wannan fage. In mutum ya zagaya ƙasar Rogo da Ƙaraye, tun daga Jajaye har Zarewa, da wuya ya sami dattijon da ya taɓa yin ciniki da Bayahude ido da ido. Amma duk da haka sunan yana nan a majalisin tafsiri da wajen wa'azi, yana nan a labaran rediyo, yana kuma nan a kasuwa, inda in mai kaya ya ƙi yin ragi sai ka ji an ce masa, "Kai dai Bayahude ne."

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a feɗe wannan kalma, a ga abin da ke cikinta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kalmar guda ɗaya ce, amma mutum huɗu ne a cikin rigarta: akwai Bayahuden ƙissa, akwai na tarihi, akwai na ƙagaggen labari, sannan akwai na siyasar zamani. Masu wa'azinmu da marubutanmu sun saba yi musu kuɗin goro. Wannan kuwa rauni ne ta fuskar adabi, kuma kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba, rauni ne da ya taɓa jawo mana asarar da ta wuce ta takarda.

Bayahuden Ƙissa

Ta ƙofar addini Bahaushe ya fara jin labarin Bani Isra'ila. Isra'ila dai sunan Annabi Yakubu ne, Bani Isra'ila kuwa zuriyarsa. Saboda haka duk gidan da ke da Musa ko Haruna, ko Dauda ko Sule, ko Yusufu ko Zakari, to, sunayen annabawan wannan zuriya yake kira safe da yamma. Haka nan kalmar Asabar daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa ɗaya ne da na Shabbat, wato ranar hutun Yahudawa. Ashe ke nan Asabe da Ɗan'asabe suna ɗauke da wani yanki na wannan tarihi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Daga waɗannan ƙissoshi ne harshenmu ya sami wasu ma'aunai na siffanta mutane. Azzalumin shugaba Fir'auna ne, mai dukiyar da ta yi masa yawa Ƙaruna ne, kyakkyawan saurayi kuwa sai a ce kamar Yusufu. Abin lura a nan shi ne, a cikin ƙissa Bani Isra'ila ba fuska ɗaya gare su ba. Su ne raunanan da Fir'auna ya bautar, a cikinsu aka sami Ƙaruna da masu bautar ɗan maraƙi, a cikinsu kuma aka tayar da annabawa masu yawa. Ƙissa ta bambance nagari da mugu a cikin jama'a guda.

Bayan abin da ya tabbata a Alƙur'ani da Hadisi, akwai wani rukunin labarai da malamai ke kira Isra'iliyyat. Waɗannan labarai ne da suka shigo littattafan tafsiri da na ƙissoshin annabawa ta hannun mutane irin su Ka'abul Ahbari, malamin Yahudawan Yaman da ya musulunta bayan wafatin Manzo, da Wahabu ɗan Munabbihu. Alal misali, akwai labarin ƙaton nan Uju ɗan Unuƙu, wanda aka ce ruwan Ɗufana bai shanye shi ba, kuma yakan kamo kifi daga teku ya miƙa hannu ya gasa a jikin rana. Aka ce ya ciccibo dutse zai rufe rundunar Annabi Musa da shi, dutsen ya huje ya zarge masa a wuya, Annabi Musa ya yi tsalle ya doke shi a idon sawu ya faɗi. Wannan labari yana nan kusan yadda yake a Talmud, wato babban kundin malaman Yahudawa, inda ake kiran ƙaton da suna Og. Haka kuma labarin aljanin da ya sace zoben Annabi Sulaimanu ya hau gadonsa, wanda tafsirin Jalalaini ya ambata da suna Sakhru, yana da ɗan'uwa a Talmud, a can sunan aljanin Ashmedai.

Malaman da suka gabata ba su haɗiye waɗannan labarai ba tauna. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya bi tsarin kasa su gida uku: wanda ya dace da abin da ke hannunmu, da wanda ya saɓa masa, da wanda ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi. Labarin Uju kuwa ya yi watsi da shi. Wato dai hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Abin dariya a nan shi ne, sau da yawa mai ba da labari yakan gama tsine wa Yahudawa, sannan ya ɗauko tatsuniyarsu ya ƙawata majalisinsa da ita, jama'a na ta kabbara, ba wanda ya san daga rumbun wa aka ɗebo hatsin.

Bayahuden Tarihi

In muka bar ƙissa muka dawo ga tarihin ƙasarmu, sunan da zai fara zuwa shi ne na Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan. Kafin ya zo ƙasar Hausa ya zauna a Tuwat, a cikin hamadar Aljeriya ta yau, inda Yahudawa suka daɗe suna fatauci da sana'a. Almagili ya yi fatawar cewa sun warware alkawarin amana, saboda haka a rushe wurin ibadarsu da ke Tamantit. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al'asnuni, bai yarda da shi ba. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, wasu suka goyi bayan wannan, wasu suka goyi bayan wancan. Daga ƙarshe, wajen 1492, aka rushe wurin, aka kashe wasu Yahudawan, sauran suka watse. A wannan shekara ce kuma Sarakunan Sifen suka ci Garnaɗa suka kori Yahudawa daga ƙasarsu, da yawansu kuwa a ƙasashen Musulmi suka sami mafaka, a Maroko da daular Usmaniyya.

Almagili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa littafi a kan wajibban sarauta da tsayar da adalci, kuma har yau ana danganta Sharifan Kano da zuriyarsa. Daga baya ya tafi Gao wajen Askiya Muhammadu. A can ne labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ya nemi Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke garin, amma Alƙali Mahmudu ɗan Umaru na Tambutu ya ce ba a kama mutum da laifin da ba shi ya yi ba, aka sake su.

Darajar Almagili a tarihin Musulunci a ƙasar Hausa ba abin musu ba ce. Amma ɗalibin da ya san aikinsa ba zai kawo fatawarsa ya ɓoye ta Al'asnuni ba, domin dukansu malaman Malikiyya ne, kuma malaman Magrib sun adana saɓanin nasu a rubuce. Wanda ya kawo rabin labari ya ce shi ne dukansa, ya ci amanar mai sauraro.

A nan Kano kuwa, Bayahuden da tarihin kusa ya fi sani ɗan kasuwa ne, Saul Raccah, mutumin Tarabulus, wanda a shekarun 1930 ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa irin su UAC wajen sayen gyaɗa. Ga mutum mai suna da gari da sana'a, wanda ya rayu a zamanin dalar gyaɗa, a tsakiyar harkar da kakanninmu manoma suka dogara da ita. Marubucin da ke son sa Bayahude a cikin labarinsa na Kano, ga irin wanda zai bincika. Amma bincike wahala gare shi, ɗauko tsohuwar riga a rataya wa tauraro kuwa ba ya cin gumi.

Bayahuden Ƙagaggen Labari

Wace ce wannan tsohuwar riga? Ita ce ta matsolon attajiri mai cin riba, mai dariyar mugunta, wanda ba ya da uwa ba ya da 'ya'ya sai jakar kuɗi. Wannan hoto baƙo ne a tatsuniyarmu ta gargajiya. Bahaushe yana da marowacinsa, yana da Gizo sarkin wayo, yana da Kura uwar haɗama, bai rasa wanda zai ɗora wa waɗannan halaye ba. Hoton ya shigo mana ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce hikayoyin Larabawa irin na Alfu Laila, wanda Frank Edgar ya fitar da fassararsa ta Hausa a 1924 da sunan Dare Dubu da Ɗaya. Ta biyu kuwa ita ce makarantar boko da adabin Ingilishi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Shylock na wasan Shakespeare, The Merchant of Venice, Bayahuden da ya ba da rance bisa sharaɗin in an kasa biya zai yanki tsokar wanda ya ci bashin. Ɗahiru Idris ya mayar da wasan Hausa a 1981 da sunan Matsolon Attajiri. Sunan kansa abin nazari ne. A wurin Shakespeare ɗan kasuwar da aka sa wa wasan suna shi ne Antonio, wato wanda ya ci bashin. Sunan Hausa kuwa ya karkatar da idon mai karatu ga mai ba da bashin, ya kuma yanke masa hukunci tun daga bango.

Sai mu tambaya, shi Shakespeare a ina ya san Bayahude? An kori Yahudawa daga Ingila tun 1290, ba a bar su sun dawo a sarari ba sai a shekarun 1650, shi kuwa ya rubuta wasansa wajen 1596. Ashe shi ma da ji ya yi aiki, kamar mu. Bambancinsa da yawancin marubutanmu shi ne, duk da ƙiyayyar zamaninsa da ta cika wasan, ya ba Shylock baki ya faɗi wulaƙancin da ake yi masa a titi, ya ba shi 'ya da ta gudu ta bar shi, ya ba shi zoben matarsa marigayiya da yake jin zafin rabuwa da shi. Sai ga mugun tauraro ya zama mutum, har mai kallo ya rasa inda zai ajiye tausayinsa. Mu kuwa mun ɗauki wuƙar da ma'aunin, mun bar mutumin a can.

Wani abin mamaki kuma, adabin Larabcin da muke tinƙaho da shi yana da wani hoton da ba mu aro ba. Duk ɗalibin da ya karanta waƙoƙin Jahiliyya a zaure ya san Imru'ul Ƙaisi. To, wa ya ba ajiyar sulkunansa sa'ad da zai tafi ƙasar Rum? Samau'alu ɗan Adiya ne, Bayahude, mawaƙi, mai ganuwar Ablaƙ a Taima. Abokan gaba suka zo suka ce ya ba da sulkunan ko su kashe ɗansa da suka kama, ya zaɓi amana, aka kashe yaron yana kallo. Har yau in Balarabe zai yabi mai cika alkawari, da Samau'alu yake gwada shi. Littattafan sira kuma sun kawo Mukhairiƙu, malamin Yahudawan Madina da ya fita yaƙin Uhudu tare da Musulmi, ya mutu a can, ya bar wa Manzo dukiyarsa. Sun kawo yaƙin Banu Ƙuraiza da na Haibara, sun kuma kawo cewa Manzo ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kuma yi wafati sulkensa na jingine a hannun wani Bayahuden saboda hatsin da ya karɓa wa iyalinsa. Akwai kuma Musa ɗan Maimuna, haifaffen Ƙurɗuba, likita a fadar Misra, wanda ya rasu a 1204, ya kuma rubuta wasu daga cikin manyan littattafansa da Larabci. Me ya sa waɗannan ba su sami shiga labaranmu ba, sai mai jakar kuɗi kaɗai?

Bayahuden Siyasa

Na huɗu shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru, amma shi ya fi ƙara a kunnenmu. Sahayoniyanci harka ce ta siyasa da ta taso a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, sunanta kuwa daga Sihiyona ne, wani tudu a birnin Ƙudus. Theodor Herzl, ɗan jarida a Biyana, ya fitar da littafinsa na neman ƙasar Yahudawa a 1896, ya kira taron farko a Basel a 1897. A 1903 Ingila ta yi musu tayin wani yanki a Afirka ta Gabas, suka ƙi daga baya. Ran 2 ga Nuwamba 1917 aka yi Sanarwar Balfour, inda Ingila ta yi alkawarin ƙasar da ba tata ba. Bayan kisan da gwamnatin Hitler ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6, aka kafa Isra'ila a 1948, Falasɗinawa wajen 700,000 suka rasa gidajensu.

Mu ma wannan siyasa ta taɓa mu. A 1960 Gwamnatin Tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila, Sardauna Ahmadu Bello ya ce Jihar Arewa ba ta so. A 1973 gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa da Isra'ila, ba a mayar ba sai 1992 a zamanin Babangida. A watan Yuli 1984 aka sami Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila, kotu ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da ɗan Nijeriya ɗaya. A wannan shekarar kuma gwamnatin soja ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife fita daga ƙasashensu har wata shida saboda ziyarar da suka kai Isra'ila.

Zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa abu ne da ya wajaba marubuci ya faɗa da babbar murya, balle bayan yaƙin Gaza da ya biyo harin Hamas na ran 7 ga Oktoba 2023, wanda ya ci rayukan dubun-dubatar mutane. Amma faɗar gaskiya tana bukatar kiran abu da sunansa. Sa'ad da ake shirya Sanarwar Balfour, wanda ya fi kowa adawa da ita a majalisar ministocin Ingila shi ne Edwin Montagu, shi kaɗai ne kuwa Bayahude a cikinsu. Masanin tarihi Ilan Pappé, wanda ya tona yadda aka kori Falasɗinawa a 1948, Bayahude ne haifaffen Haifa. A Afirka ta Kudu, Denis Goldberg da aka yanke wa ɗaurin rai da rai tare da Mandela a 1964, da Ruth First da aka kashe da bam a Maputo a 1982, Yahudawa ne. Ita kuwa Afirka ta Kudun, da ta tashi kai ƙara Kotun Duniya a Disamba 2023, gwamnatin Isra'ila ta kai, da hujjoji da ranaku da sunayen masu magana. Da zagin jinsi ta je da shi, da ko zama ba a ba ta ba.

Illar Kuɗin Goro

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, tun da babu Bayahude a Jajaye da zai ji haushi? Amsa ita ce, kalmar da ba ta da mai ita a gari, a kan 'yan gari take sauka. Shekara da shekaru ana kiran karatun boko ilmin Yahudu da Nasara, aka hana yara da yawa shiga aji, alhali lissafin da ake gudu sunan Alkhawarizmi ke kansa. Ɗan'uwa Musulmi in an saɓa da shi a mas'ala, sai a ce ɗan koren Yahudawa ne, shi ke nan an huta da kawo hujja.

Akwai kuma wani littafi da Larabawa suka fassara da sunan Burutukulatu Hukama'i Sahyun, wanda wasu masu wa'azi ke jawowa a matsayin asirin Yahudawa na mallakar duniya. Littafin jabu ne. A Rasha ya fara fitowa a 1903, kuma a 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa an kwafe shi ne daga wani littafin zambo da Maurice Joly ya rubuta a 1864 don sukar Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda babu ruwansa da Yahudawa. Mu da muka gaji ilmin isnadi, muke tambayar wa ya ruwaito kafin mu karɓi magana, bai kamata takardar da ba ta da uba ta wuce mu ba.

Babbar asara kuwa ita ce ta allurar shan'inna. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, bisa jita-jitar cewa makirci ne na hana Musulmi haihuwa, kuma kalmar Yahudu da Nasara ta yi ta yawo a bakin jama'a. Ba a ci gaba ba sai a watan Yuli 2004. Kafin nan cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashen da da sun rabu da ita, yara suka shanye. Tsoron mutane yana da dalili, domin ruwa ba ya tsami banza: a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Amma dubi bambancin. Wancan laifi yana da suna da shekara, aka kai shi kotu, a 2009 kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 75. Shi kuwa makircin da ba ya da fuska ba a kai kowa kotu a kansa ba, 'ya'yanmu ne suka biya da ƙafafunsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa Bayahuden da ke bakin Bahaushe mutum huɗu ne, kowanne da hanyar da ya biyo ya iso mana: na ƙissa ta tafsiri, na tarihi ta hamada, na labari ta fassara, na siyasa ta rediyo da jarida. Ba muna kira a daina sukar gwamnatin Isra'ila ba ne, ko a goge abin da ya tabbata a littattafan addini. Kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin rubuta wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai da waƙoƙi, shi ne duk sa'ad da alƙalami ya zo kan wannan kalma, a tsaya a tambayi kai: wane Bayahuden, na wane gari, a wace shekara, kuma me ya aikata? In an sami amsa, a rubuta ba tsoro. In ba a samu ba, a koma ɗakin karatu tukuna. Mu ma mun san zafin a ɗauki laifin wasu 'yan tsiraru a shafa wa dukan Musulmi ko dukan 'yan Arewa, abin da ba mu so a yi mana kuwa bai dace ya fito daga alƙalaminmu ba.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma kiyashe mu da faɗin abin da ba mu sani ba, amin.